Hannun da Zai Riƙe Sirinji: Jinyar Masu Cin Abinci ta Robar Ciki a Kudancin Kano

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na ci. Akwai taunawa da haɗiya, akwai lasa da kurɓa da tsotsa da gaguya, kuma kowace daga cikinsu ta baki take bi. Ko gaisuwar mara lafiya a kan baki ta rataya. Idan aka tambayi mai jiki aka ce da sauƙi, abin da ke biyo baya shi ne, "Yana ɗan taɓa abinci kuwa?" Idan aka ce ya sha kunu ludayi biyu, sai hankalin masu dubiya ya kwanta, idan aka ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, sai kowa ya sunkuyar da kai. Amma a yau akwai mutane a garuruwanmu da ƙauyukanmu da suke ƙoshi ba tare da loma ta ratsa bakinsu ba, kuma har yanzu harshenmu bai raɗa wa irin cin nasu suna ba, balle al'adarmu ta tanadi wanda zai iya ba su shi.

Waɗannan su ne mutanen da likita ya huda wa fatar ciki, sama da cibiya ta wajen hagu, ya shigar da wata roba mai kaurin fensir har cikin tumbi, domin a riƙa zuba musu abinci mai ruwa ta cikinta da babban sirinji. Ana yin haka ga wanda hanyar abincinsa ta toshe ko haɗiya ta gagare shi: mai sankarar maƙoshi, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, da wanda ya bugu a ka a haɗarin mota, da kuma ƙananan yaran da suka ɗauki ruwan sodar sabulu a zaton ruwan sha ne, ya ƙone musu hanyar abinci ta tsuke. Robar hanci, wadda mutane suka fi sabawa da gani a asibiti, ta 'yan makonni ce. Ita kuwa ta ciki ana zama da ita watanni ko shekaru, kuma a gida ake zaman.

Aikin yana da tarihi mai tsawo. A 1849 wani likitan Faransa mai suna Sédillot ya gwada shi a Strasbourg, amma mara lafiyar bai rayu ba. Sai a 1875 Sydney Jones ya yi shi a Landan, mutumin ya tashi ya yi kwana 40 a duniya. A 1894 Martin Stamm na Amurka ya fito da salon ɗinkin da likitocin tiyata suke bi har yau. A 1979 kuma wasu likitoci biyu a birnin Cleveland, Michael Gauderer da Jeffrey Ponsky, suka sanya wa wani jariri robar ba tare da an tsaga ciki ba, ta hanyar zura na'urar leƙa ciki ta baki, suka wallafa bayanin a 1980. Tun daga lokacin aikin ya zama mai sauƙi a hannun gwanaye, sau da yawa ba ya cin sa'a guda.

To, sa'a guda ke nan a ɗakin tiyata. Ciyarwar fa? Idan za a ba mutum abinci sau 6 a yini, ya kama sama da sau 2,000 ke nan a shekara, kuma babu ko ɗaya daga ciki da likitan da ya sa robar zai halarta. Kowace ciyarwa tana da hanyar da za ta lalace: roba ta toshe, abinci ya dawo ya shiga huhu, bakin ramin ya ruɓe, ko robar ta zare gaba ɗaya. Saboda haka nake ganin tiyatar ba ta kammala ba sai an koya wa hannun da zai riƙe sirinji, an kuma tabbatar cewa hannun da aka koya wa shi ne wanda zai kwana da mara lafiya.

A Ingila, inda tsofaffi da naƙasassu da yawa suke zaune a gidajen kulawa ko kuma ma'aikata suke zuwa musu gida, kula da mutum sana'a ce mai albashi. Tun 2015 akwai takardar shaidar horon farko da ake son kowane sabon ma'aikacin kulawa ya samu. Ciyarwa ta robar ciki kuwa horo ne na daban: ma'aikaciyar jinya ce take koyarwa, ta tsaya ta ga mutum ya yi da hannunsa, ta sa hannu cewa ya iya, sannan a bar shi da mara lafiya. A 2010 hukumar da ke sa ido a kan kariyar marasa lafiya a can ta fitar da gargaɗi game da sa'o'i 72 na farko bayan sa robar: idan mutum ya ji zafi lokacin ciyarwa, ko jini ya fito, ko ruwan ciki ya tsiyayo ta gefen robar, a dakatar da abinci nan take a nemi likita. An fitar da gargaɗin ne saboda an rasa rayuka a dalilin rashin gane waɗannan alamomi.

A wajenmu babu wannan rukuni na ma'aikata a ƙauye. Abin da muke da shi shi ne mai jinya, wato matar mutum ko 'yarsa ko ƙanwarsa, wadda take shimfiɗa tabarma a gindin gadon asibiti, idan an sallame su kuma ta ci gaba a gida. Ba ta da albashi, ba ta da hutu, kuma babu wanda yake lissafa ta cikin ma'aikatan lafiya. Ga kuma nisa. Mutumin Kiru ko Bebeji, idan abin ya kai ga babbar tiyata, sai ya fito Kwanar Dangora ya nufi arewa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ko ya yi kudu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Na Tudun Wada sai ya ƙara tafiya kafin ya iso kwanar, na Doguwa da Riruwai kuwa sai ya ratsa dajin Falgore tukuna. Wanda robarsa ta toshe da ƙarfe goma na dare a can, ilimin da ke cikin gidansa shi ne asibitinsa har gari ya waye.

Na san wannan ne ta dalilin kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin masara a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin sa'a a kan babur daga Kwanar Dangora ba. Mutum ne da aka sani da buɗaɗɗen zaure. Bayan magariba akushi huɗu ko biyar ake fitarwa, kuma baƙon da dare ya yi wa ba ya tambayar inda zai ci tuwo. Ciwon ya fara masa da tsayawar loma a ƙirji. Ya bar tuwo ya koma fura, ya bar fura ya koma kunu, har ta kai ruwa ma sai ya yi dabara. An yi na Hausa, an yi na kemis, kafin a kai shi birni a leƙa a ga ƙari ya cika hanyar abinci. Likita ya gaya wa iyali gaskiya: ciwon ya wuce a cire shi, amma ana iya buɗe wata ƙofa domin kada yunwa da ƙishirwa su riga ciwon.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta zauna da babban ɗansa kusan sa'a guda, ta nuna masa komai, ta ba shi takarda mai shafi biyu. Ta yi iyakar abin da ya kamata. Shi ta gani a gabanta, shi yake jin Turanci, shi ya sa hannu a takardun tiyata, shi yake biyan kuɗi. Bayan kwana huɗu hutunsa ya ƙare ya koma wurin aikinsa a Abuja. Kafin ya tafi ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ita kuma ta yi wa surukarta, takardar kuwa aka naɗe ta aka adana cikin kwalla tare da takardun gona, don babu mai karanta Turancin likita a gidan. Saƙon baka idan ya bi ta hannu uku raguwa yake yi. Abin da ya isa ga Inna, uwargidan Kawu, abu biyu ne: kunu ya zama ruwa-ruwa, kuma a wanke roba.

Da na je dubiya a mako na uku na tarar Kawu ya ƙara ramewa fiye da yadda ya bar asibiti. Ana dama masa kunun gero tun da safe, a tsinka shi da ruwa har ya zama kamar ruwan wankin hatsi don tsoron kada ya toshe robar, a zuba a fulas, a yi ta ɗiba har dare. Ana daka ƙwayoyin maganinsa gaba ɗaya a zuba cikin kunun. Ana ba shi yana kwance, domin a ganin Inna tayar da mara lafiya zaune wahalar da shi ne. Cikinsa yana kumbura, gudawa ta sa shi gaba, robar ta toshe sau biyu. Duk wanda ya ga Inna a lokacin ya san ba sakaci ba ne; ko barcin kirki ba ta yi. Ta riƙe sirinjin kamar mai riƙe da maciji.

Wadda ta juya al'amarin ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko a ƙaramin asibitin mazaɓar, wadda kowa yake kira Malama. Aikinta awon ciki ne da rigakafin yara da gwajin zazzaɓi, kuma kula da robar ciki ba ya cikin abin da aka ɗora mata. Ta dai taɓa ganin irinta lokacin da take koyon aiki a ɗakin masu tiyata. Da aka roƙe ta ta zo, sai ta karɓi takardar da ke cikin kwalla ta karanta, ta buga waya ga wata ma'aikaciyar jinya da ta sani a birni ta tabbatar da abin da ta manta, sannan ta zauna a tsakar gida ta yi tambayoyi uku kafin ta taɓa robar: "Wa yake dafa wa Baba? Wa yake kwana a ɗakinsa? Idan Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, wa zai ba shi?"

Amsoshin sun fito da abin da takardar asibiti ba ta sani ba. Wadda ta fi kowa iya girki da tsabta a gidan ita ce matar ɗansa na biyu, amma suruka ba ta iya tsayawa a kan surukinta rigarsa a ɗage. Ko gaishe shi daga bakin ƙofa take yi a durƙushe. 'Yarsa ta fari tana aure a kusa, sai dai kunyar ɗan fari ta sa ko sunanta ba ya faɗa. Wanda babu shamaki tsakaninsa da Kawu shi ne jikansa, yaro ɗan shekara 16 da ke makarantar sakandare, domin tsakanin jika da kaka wasa ne. Sai Malama ta raba aikin bisa wannan tsari: suruka ta riƙe madafa, Inna ta riƙe ciyarwar rana, jika ya riƙe ta dare da wankin bakin rami. Su ukun kuma kowa ya koyi aikin ɗan'uwansa gwargwadon abin da kunya ta bari.

Inna ta ce mata, "Malama, ni fa tsoro nake ji, kada in tura masa ajalinsa da hannuna."

Malama ta ce, "Inna, shekara nawa kina ba Baba abinci?"

"Arba'in da wani abu."

"To, abincin ne dai, Inna. Ƙofa ce kawai ta sauya."

Yadda ta koyar ya tsaya mini a rai, ni da koyarwa ce sana'ata. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta yi sau ɗaya suna kallo, ta sa kowannensu ya yi tana kallo, sannan ta sa shi ya faɗa mata dalilin kowane mataki da bakinsa. A wanke hannu da sabulu. A tayar da Baba zaune, ko a jingina shi da buhu da matashi, domin idan yana kwance abincin yana iya dawowa sama ya faɗa huhu. A fara da ruwan da aka tafasa ya huce. A cire abin turawa na sirinji, a ɗaga shi sama kaɗan, a bar abincin ya gangara da kansa a hankali, kamar tsawon lokacin da mutum yake ɗauka yana cin tuwo. A rufe da ruwa, a toshe bakin roba. A bar shi zaune aƙalla rabin sa'a. Magani kuma a daka kowace ƙwaya ita kaɗai, a narkar da ita, a bi ta da ruwa kafin ta gaba, kuma a tambayi mai ba da magani a asibiti, domin akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke sannu a hankali, dakan su haɗari ne.

Ma'aunin takarda mililita ne, gidan kuwa moɗa da ludayi ya sani. Malama ta ɗauki wani kofin roba, ta auna da sirinji adadin da likita ya rubuta, ta ja layi a jikin kofin da jan farce. Ta sa alama da biro a jikin robar daidai inda ta fito daga fata, ta ce wa jikan ya duba kullum. Idan alamar ta ɓace, robar ta zame ciki ke nan. Ta nuna masa yadda zai wanke gefen ramin da ruwan ɗumi ya busar da shi, da yadda zai manne robar da filasta don kada ta riƙa lilo tana faɗaɗa rami. Idan ta toshe, ruwan ɗumi ne da haƙuri, a tura kaɗan a ja kaɗan. Ban da tsinke, ban da waya. Ta dawo bayan kwana uku, ta sake dawowa bayan mako guda, kowane zuwa ita ce mai kallo su ne masu yi. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a wannan aiki yi da hannu ya kori gani.

A madafa ne ilimin gida ya taimaki na asibiti. Lissafin da masana abinci suke farawa da shi shi ne kalori 25 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyin babban mutum a yini, wato mai kilo 60 yana buƙatar 1,500 zuwa 1,800. Abincin gwangwani da ake yi musamman don roba yakan ba da kalori guda a kowace mililita, amma tsadarsa ta fi ƙarfin manomi. Tsinkakken kunu kuwa kusan ruwa ne. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Matsalar ita ce yadda za a sami abu mai ƙarfi wanda kuma zai wuce ta siririyar roba. Da Malama ta yi wannan bayani, sai surukar ta ce cikin ladabi, "Malama, ai idan muna kunun zaƙi, da mun zuba tsiro a kan damammen mai kauri sai ya saki da kansa, ba a ƙara ruwa." Abin da ta faɗa daidai yake da abin da masana suka tabbatar: hatsin da ya tsira yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci, ya tsinka kunu ba tare da ya rage masa ƙarfi ba.

Daga ranar kunun Kawu ya sauya. Ana dama shi da kauri, a sa garin tsiro ya saki, a mayar wuta ya sake tafasa. Ana haɗa shi da gyaɗa da waken suya da aka soya aka niƙa, da madara, da dafaffen ƙwai, wani lokaci da kifin Tiga da aka cire wa ƙaya aka markaɗa, da cokalin mai, tunda giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi kuwa 4. Ana tace komai da matacin koko sau biyu. Aka daina ajiyar fulas ta yini guda. Abin da ya wuce sa'a biyu da saukewa a zafin garinmu ba ya shiga roba. Cikin wata guda gudawar ta tsaya, Kawu ya fara fitowa ƙofar ɗaki da ƙafarsa.

Jarrabawar ta zo a wata na huɗu, cikin damina, da tsakar dare. Robar da ke jikinsa irin ta fitsari ce, wadda asibitocinmu da yawa suke amfani da ita a wannan aiki saboda araha, kuma ƙaramin balan-balan ɗin da ke riƙe ta a cikin tumbi yana iya fashewa idan ya daɗe. Kawu ya juya cikin barci, robar ta zare. Da a makonnin farko ne, da an rufe wurin da zane an jira safiya, a nemi kuɗin mota, a yi shawara. Amma Malama ta riga ta sa jikan ya haddace cewa ramin yana fara tsukewa cikin 'yan sa'o'i, kuma yana iya rufewa kafin a kwana a yini. Ta kuma sa an sayi sabuwar roba an ajiye. Yaron ya rufe ramin da auduga mai tsabta, ya tashi maƙwabci mai babur, aka fito titi aka sami mota, kafin asuba wani likita a babban asibitin yankin ya mayar da ita cikin 'yan mintuna. Da ramin ya rufe, da sai an koma birni an sake tiyata a jikin da ba lalle ya jure ta ba.

Akwai wani ɓangare da babu shi a kowace takarda. Tun da aka dawo daga asibiti Kawu ya daina zama a zaure. Ya ce a ci gaba da fitar da akushi, amma shi ba zai zauna yana kallon hannun mutane ba, su ma kuma ba za su sake ba. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, mutumin da ba ya sa hannu a akushi, da shi da baƙo a gidansa duk ɗaya ne." Jikan ne ya warware wannan da wasa. Ya ce, "Tsoho, kai da ka fi kowa gata, ana ba ka ba ka ko tauna, shi ne za ka ɓuya?" Aka daidaita ciyarwar magariba da lokacin tuwo. Kawu ya riƙa zama a wurinsa na da, babbar riga ta rufe komai, yaron yana gefensa da kofi, ana hira ana musun farashin taki. Malama ta nace a kan asuwaki da kurkure baki safe da yamma, domin bakin da ba ya ci ya fi saurin bushewa da tara ƙwayoyin cuta. Ya rayu wata 11 da robar. Ya ga masararsa ta shiga rumbu, ya ba da auren autarsa da bakinsa. Ciwon ne ya ɗauke shi a ƙarshe kamar yadda likita ya faɗa, Allah ya jiƙansa, amma bai tafi da yunwa ba.

Gidan Kawu dace ya yi da Malama, kuma dace ba tsari ba ne. Ba a biya ta ba in ban da kuɗin man babur, kuma babu wani littafin aiki da ya nuna ta yi waɗannan ziyarce-ziyarce. A ɗakin da aka kwantar da shi na ga yara biyu masu irin wannan roba saboda sodar sabulu, iyayensu mata ba su fi shekara 25 ba, ɗaya daga wajen Tudun Wada take. Yaro irin wannan yana iya yin shekara ko fiye ana ciyar da shi ta roba kafin ya yi ƙwarin da za a gyara masa hanyar abinci, kuma ko zai kai ga wannan gyara ya dogara ne a kan abin da uwarsa ta iya.

Tubalan gyara suna nan a ƙasa. Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da manufar miƙa wasu ayyuka ga ma'aikatan matakin farko bayan an horar da su, ko da yake ta fi karkata ga haihuwa da lafiyar yara da cututtuka masu yaɗuwa. A 2018 an ƙaddamar da shirin masu wayar da kan jama'a a kan lafiya da ke shiga gida-gida. A Bebeji, cikin yankin namu, akwai makarantar koyon fasahar kiwon lafiya da ke yaye irin su Malama. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da ɗakin tiyata. Kafin sallama, asibiti ya tambayi wanda zai ciyar da wanda zai dafa, ya koya wa mutum biyu ko uku da ke kwana a gidan, ya ga sun yi da hannunsu. A rubuta wa asibitin mazaɓa cewa ga mai roba ya dawo, a ba da lambar wayar da za a kira. A sa kula da robar ciki da ta hanci cikin horon ma'aikatan matakin farko, a lissafa ziyarar gida cikin aikinsu, a ajiye robar sauyi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. A kuma gaya wa kowa iyakarsa: idan ramin bai yi wata guda zuwa mako shida ba, babu mai mayar da roba sai likita, domin abinci yana iya zubewa a cikin kogon ciki.

Mu ma masu nazarin Hausa muna da kaso. Sunan da likitoci suke kiran wannan tiyata, gastirostomi, daga kalmomin Girkanci biyu yake, ciki da baki. Wanda ya fassara shi kai tsaye zai sami "bakin ciki", wanda lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba shi da baƙin ciki, kuma ba sunan da za a faɗa wa mara lafiya ba ne. Mutanen gidan Kawu "ƙofa" suka riƙa cewa, daga maganar Malama, kuma kowa ya gane. Irin waɗannan kalmomi suna yawo a ɗakunan jinya ba wanda ya tattara su. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato da Katsina, suna da ɗaliban da ke neman abin bincike. Ɗalibi ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya da masanin abinci ɗaya sun isa su samar da shafi biyu cikin boko da ajami, da zane, da ma'aunin kofi da ludayi, su kuma naɗe shi a murya ta minti biyar da za a tura ta waya, domin wadda ba ta karatu ta saurara tana tace kunu.

A daren yau, tsakanin Kiru da Doguwa, akwai mace zaune a gefen shimfiɗar mijinta ko ɗanta, da fitilar waya a haƙori da sirinji a hannu, tana ƙoƙarin tuna abin da aka gaya wa wani ya gaya mata. Likitan ya gama nasa tun tuni, kuma ya yi shi da kyau. Nata aikin sau 6 ne a yini har illa ma sha Allahu, kuma ta cancanci a zauna da ita a koya mata shi da harshenta.